Kwalbar Bature da Tafiyar Shan Rake

Zuwa ga Malam Yari, mai filin shawarwari,

Assalamu alaikum. Malam, don Allah ka taimake ni, kuma kada ka ture takardar ga gefe don ka gan ta da ajami. Ni allo kaɗai na yi. Bokon naku sai dai a karanta mini a rumfar wani tela, can nake jin amsoshin da kake ba mutane. In ka ga layi ya karkace, bisa gwiwa na rubuta.

Abin da nake roƙo shi ne ka tsara mini tafiya ta kwana uku, ta mutum biyu. Sai dai ɗayan bai san za shi ba, kuma yau kwana goma sha biyu ke nan ko dubana bai yi ba. Bari in faro maka daga tushe.

Ni baduku ne a nan Sakkwato, rumfata na kusa da Ƙofar Kware. Shekaruna ashirin da ɗaya ko da biyu, Inna ba ta tsaya kan guda ba. Ba zan ɓoye maka halina ba, ni mai tsokana ne. Ni na ɗinke ƙafafun wandon wani ango ranar buɗar kai. Ni na sa kwaɗo cikin butar wanzami. Samarin unguwa tun suna dariya har suka gaji, yanzu in na doso inuwar da suke zaune sai kowa ya tuna da aiken da aka yi mishi tun safe. Mutum guda ne bai taɓa tashi ya bar ni ba, taubashina, ɗan Kawu Maigandi, yayan Inna. Zan kira shi Lawwali, don a unguwarmu Lawwali bakwai ne, kowa ya zargi wanda ya ga dama.

Ka san tsakanin taubasai wasa ba ya zama faɗa. Mu har ƙa'ida muke da ita tun muna ƙanana: wanda ya shirya wasa ba ya tonawa da bakinsa, sai wanda aka yi wa ya gano da kansa ya ce "ka ci ni". Shi ma ba waliyyi ba ne. Ya taɓa tura ni Dundaye da rana tsaka in karɓo jar fatar da babu ita, na dawo ƙafa duk ƙaya, yana zaune bisa tabarmata yana tambayata ko fatar ta yi laushi.

Abu biyu Allah ya ba Lawwali. Na farko murya, shi ke kiran salla a masallacin da Kawu ke limanci, har matan cikin gida kan dakata da daka su saurara. Na biyu harshe. Ka rufe mishi ido ka ba shi gaɓar rake guda, sai ya gaya maka fadamar da ta fito. Wai na Kwalkwalawa ruwa ya fi zaƙi yawa, na Kware yana da ɗan gishiri-gishiri can ƙarshen harshe, na Wurno kuma zaƙinsa ba ya gaggawa, sai ka tofar da ɓawo sannan ya zo ya zauna. Ni kullum ce mishi nake ƙarya ce, masu rake ke ƙyafta mishi ido.

To akwai wani Gambo, kukun wani Bature a Bariki, yakan kawo mini kwalabe wofi in lulluɓe su da jar fata, maigidansa na aikawa da su ƙasarsu tsaraba. Wata rana yana jiran aiki, Lawwali na nan, ya ba mu labarin da ya ji wajen maigidan. Wai a can akwai yankin da ba a noma komai sai inabi, kuma mutane kan ɗauki kwana biyu ko uku suna bi gona gona suna ɗanɗana ruwan inabin kowane gida, wanda ya ƙware ya faɗa maka tudun da ya fito da shekarar da aka matse shi. Lawwali ya yi a'uziyya saboda giya ce, amma na ga idonsa ya yi haske. Da Gambo ya tafi, Lawwali ya ce mu ma ai muna da namu na halal, me zai hana mu bi fadama gona gona, a yanko rake a gabana, in ga ko ƙyafta ido ne. Muka yanke za mu tafi cikin Sha'aban, kafin azumi ya hana shan rana, don bayan salla rake ya ja baya. Na nemi aron jaki, na wasa wuƙa, na ɗinka mata kube sabo da sunansa a jiki, ban nuna mishi ba tukuna.

Nan Shaiɗan ya shigo, ko in ce ni na shigo, kada in ɗora mishi abin da bai yi ba. Ran wata Laraba Inna ta dafa soɓorodo. Na ɗebi nawa na zuba mishi tsamiya da kanumfari da masoro, na jiƙa ɗan ɓawon maɗaci a ciki, har ya fita kamanninsa. Na zuba kaɗan a gindin wata kwalbar giya ta Gambo mai rubutun Turawa na ɓoye ƙarƙashin fatu, sauran na bar shi a ƙoƙo. Ka riƙe wanga, Malam: abin da ya sha bai ko taɓa kwalbar ba. Bayan Azahar ya zo kamar kullum, na miƙa mishi ƙoƙo na ce mai harshe ya faɗa mini mene ne. Ya kurɓa sau uku, ya yamutsa fuska, ya ce shi tun da yake bai taɓa ɗanɗana irin wanga ba. Sai na jawo kwalbar na girgiza jan ruwan a gabansa, na ce to yau harshensa ya je Turai ya dawo.

Na zaci zai bi ni da takalmi. Bai yi ba. Ya aje ƙoƙon a hankali, ya zaga bayan rumfa ya sa yatsa a maƙogwaro, ya wanke baki har ruwan buta ya ƙare. Da ya dawo idonsa ja wur, bai tambaye ni don me na yi mishi haka ba. Tambayata ya yi tun yaushe nake sha. Ni kuwa ina nan ina jiran "ka ci ni", dariya na cina a ciki, sai na ji bakina ya ce tun bara. Wallahi bakina ne ya riga ni. Ya sa takalmansa ya tafi. La'asar ɗin ranar wani Mamman ya kira, mai murya kamar ana jan tukunya bisa tsakuwa, kuma shi ke kira har yau.

Lawwali ya taso da abin da duk muka taso muna ji, cewa wanda ya sha giya sai ya kwana arba'in ba a karɓi sallarsa ba. Bai bar salla ba, yana yi a ƙarshen sahun baya, wajen takalma. Amma ya ce a ransa bakin da ya sha wagga aba ba zai kira mutane masallaci ba. Ya gaya wa Kawu maƙogwaro ke mishi ciwo. Uwarsa na ta ɗura mishi zuma da citta. Kawu kuma ya ce in azumi ya kama muryar ba ta dawo ba, a bar wa Mamman kiran gaba ɗaya. Har yanzu bai faɗa wa kowa sunana ba. Rake kuwa, an ce ko an kawo gidan ba ya taɓawa.

Abin da ya fi karya ni, ran Alhamis ƙanwarsa Zulaihatu ta aje mini gora a bakin rumfa, ta ce in ji Yaya, ta wuce. Rubutun sha ne. Shi ya zauna ya rubuta, ya wanke, don Allah ya raba ni da giya. Na sha, Malam. Me zan yi da shi? Wata Alhamis ɗin ma ya aiko, ita ma na sha.

Za ka ce me ya hana ni faɗa. Ranar farko ƙa'ida nake bi, ina cewa gobe zai gano. Ta biyu da ta uku na je ƙofar gidansu, aka ce yana barci. Daga nan tsoro ya kama ni. Yanzu yana ganina mashayi, amma tausayina yake ji, yana yi mini addu'a. In na ce soɓorodon Inna ne fa? Ya tabbata kwana goma sha biyu ya yi yana kuka a banza, ya yi wa mahaifinsa ƙarya a banza, kuma mai harshen da ke rarrabe fadamu ya kasa gane abin da ya sha tun yana goye. Ina tsoron ranar ko gorar ba zan ƙara gani ba.

Rumfar ta yi mini faɗi. Gefen tabarmar da yake zama na nan, har da lotsawar. Jiya na sayi rake na karya biyu kamar yadda na saba, gindin nasa, kan nawa, sai da na miƙa hannu na tuna. Na ba akuya. Wasa uku sun zo mini a kai cikin makon ga, masu kyau ƙwarai, babu wanda zan yi wa, babu ma wanda zan ba labarinsu.

To ga dabarar da na yi, ka duba mini. Mu fita ta Ƙofar Kware da sassafe, mu fara Kwalkwalawa, mu bi Dundaye, mu kwana Kware, mu dangana da Wurno, mu juyo. A hanya babu idon unguwa. In ya faɗi rake uku daidai na yaba mishi, ransa ya yi sanyi, sai in tona a Wurno, inda ya fi nisa, don jaki guda ne, ba shi da yadda zai tafi ya bar ni. Yadda zan fito da shi kuwa, na yi tunanin in aika mishi cewa akwai wani malami a Wurno mai raba mutane da giya, ina so ya raka ni. Na san wanga ba zai ƙi ba.

Malam, kwana uku za su isa? Wace gona ya kamata a fara da ita? In tafi da kwalbar don shaida ko in bar ta? Kuma kafin a sha rake zan faɗa ko bayan an sha? Azumi saura kwana ashirin. Ka yi mini sauri don Allah.

Naka,
Baduku Mai Kwalba, Sakkwato

*

Ɗana Baduku,

Wa alaikumus salam. An karanta mini takardarka sau biyu. A karo na farko na yi dariya wajen kwaɗo, a na biyu ban yi ba. Saboda kwanakinka ƙidayayyu ne, na sa an aiko maka da amsar nan da ajami ta hannun mai kai wasiƙu tun kafin a buga, kuma na sauya abin da za a iya gane ku da shi.

Ka yi mini tambaya huɗu a kan hanya, amma ba hanya ce ta hana ka sukuni ba. Mu fara da Lawwali.

Ban ɗauke ka mugu ba. Wasan taubasai abu ne da muka gada, kuma wanda ya tura ka Dundaye neman fatar da babu ita ba zai ce bai san wasa ba. Shi ma yana da nasa kuskuren. Mahaifinsa limami ne, suna kwana gida ɗaya. Da ya buɗe baki ya tambaye shi, da ya ji abin da mu ma muka ji daga malamai, cewa wanda aka ba abu bai san mene ne ba babu laifi a kansa. Ya zaɓi ya yanke wa kansa hukunci shi kaɗai. Amma ka dubi dalilin shirun nasa: in ya tambaya, za a ce wa ya ba ka, sunanka ya fito. Kai yake rufa wa asiri.

Naka ya fi nauyi, kuma ba soɓorodon ba ne, kalmar nan ce ta "tun bara". Ƙa'idarku ta "ka ci ni" tana aiki ne in ku biyun kun san wasa ake yi. Tun sa'ad da ya sa yatsa a maƙogwaro kai kaɗai ka rage a cikin wasan. Ba zai taɓa ganowa ba, domin bai san ɗanɗanon giya ba balle ya gane ba ita ba ce, kuma bai taɓa zaton za ka yi wasa da sallarsa ba.

Batun malamin Wurno, ka binne shi. Ƙarya ta uku ke nan, kuma da tausayin da yake ji maka za ka ɗaure shi. Haka ma dabarar jaki guda. Mutumin da ka yi wa haka yana da haƙƙin ya yi fushi ya tashi ya bar ka, don haka ka faɗa masa a inda ƙofar gidansu take kusa. Ka ce kana tsoron rasa gorar rubutu. Ɗana, addu'ar da yake yi wa wani mashayi yake yi wa, kuma babu wannan mutumin. Kai kana shan rubutun wani ne, shi kuma yana biya da muryarsa.

Ranar da takardar nan ta same ka, ka je bayan Azahar da kwalbar da ƙoƙon da ɓawon maɗacin. In aka ce yana barci, ka rubuta, ai ajami duk kun iya, ka ɗaura a wuyan gorar ka ba Zulaihatu. Da baki ko da alƙalami, farkon maganarka ta zama: ban taɓa sha ba, kai ma ba ka sha ba. Ka fara da naka, don ina zaton shi ya fi ci masa rai. Kada ka yi murmushi, ko da abin ya zo maka. Sannan ka ce za ka je wurin Kawu ka yi bayani da bakinka, in ya yarda, domin ciwon maƙogwaron nan kai ka jawo shi, bai kamata a bar shi ya warware shi shi kaɗai ba. Kawu zai yi faɗa. Ka durƙusa ka sha faɗan.

Batun kunyar harshe kuwa, ka sake duba takardarka. Cewa ya yi bai taɓa ɗanɗana irinsa ba, kuma gaskiya ya faɗa, babu wanda ya taɓa dafa wannan haɗin kafin kai. Harshensa bai yi kuskure ba, yarda da kai ce ta kayar da shi. Ka gaya masa haka. Kuma ga tararka: wannan wasan, wanda na san a ranka kana ganin ya fi duk waɗanda ka taɓa yi, ba za ka ba kowa labarinsa ba har abada.

Yanzu hanya. Ka cire Wurno, kwana uku da jaki ɗaya ba za su kai ku can su dawo da ku ba sai da gudu, mai gudu kuwa ba ya jin ɗanɗano. Kwalkwalawa da Dundaye ranar farko, Kware ta biyu, ta uku ku juyo a hankali. Ku fara da mai ruwa-ruwan, mai ƙarfin zaƙi ya zo ƙarshe. Ku sha da safe kafin ku ci wani abu, gaɓa biyu daga tsakiyar kara sun isa a kowace gona, ku kurkure baki da ruwa tsakani. Goro na mai gona ne, ku ba shi bayan gaisuwa, ku kada ku ci sai an gama, kuma ku bari shi ya yanko muku da hannunsa. Kwalba ta koma wa Gambo. Gorar ruwa da guzuri Lawwali zai riƙe, kuma duk abin da za ka miƙa masa a tafiyar nan, kai za ka fara kaiwa baki.

Ba na yi maka alkawarin zai bi ka. Yana iya yin wata bai kula ka ba, kuma ba za ka ce ya zalunce ka ba. In ya ƙi, kada ka matsa. Ka tafi kai kaɗai kafin azumi, ka kawo kara uku daga gona uku, ka aika masa tare da wuƙar nan mai kube, ka ce a gaya masa daga fadama uku suke, ka mance wanne ne wanne. Sai dai ka tabbata ka mance ɗin da gaske, ka cakuɗa su a kan jaki ba tare da ka duba ba. In wata rana ya aiko maka da sunayensu, ba ka da abin da za ka yi sai ka yarda da shi, kamar yadda ya yarda da kai ran Laraba.

Amma kada ka zauna jiran wannan, kada kuma ka jira "ka ci ni". Ka kasa kunne wajen masallaci. Ranar da ka ji La'asar ba da muryar Mamman ba, to ka san ka biya abin da ke kanka, ko da bai gaishe ka ba tukuna.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai mu azumi lafiya, ya sa raken bana ya yi zaƙi.

Malam Yari